Idan Jiki Ya Daina Zama Magayi: Ciwon Sukari da Lalacewar Jijiyoyi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce jiki magayi. Idan mutum ya taka ƙaya, tun kafin idonsa ya ga jini ya riga ya ɗage ƙafa. Idan kuma ya matsa kusa da wuta fiye da kima, fatarsa ce za ta fara gaya masa ya ja da baya. Wannan zafin da kowa yake gudu shi ne mai gadin jikin ɗan Adam, domin shi ke sanar da mu cewa ɓarna ta soma tun tana 'yar ƙarama. To, amma akwai ciwon da idan ya daɗe a jiki mai gadin nan yake fara kwantarwa, har ta kai mutum ya wuni da ƙusa a cikin takalminsa bai sani ba, sai da dare ya ga safarsa ta jiƙe da jini. Wannan ciwo kuwa shi ne ciwon sukari.

Ciwon ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tarayyar ƙungiyoyin yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manya miliyan 589 ne suke ɗauke da shi a faɗin duniya, kuma a ƙiyasinta na 2021 Nijeriya na da kimanin miliyan 3.6. A nahiyar Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su ma san suna da shi ba. Likitoci kuma sun tabbatar da cewa kusan rabin masu ciwon sukari za su gamu da lalacewar jijiyoyi a wani lokaci na rayuwarsu.

Ra'ayin da nake son in kare a wannan maƙala shi ne, da yawa daga cikin ƙafafun da ake yankewa a asibitocinmu saboda sukari da an iya cetonsu, kuma abin da zai cece su ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Sani yake buƙata, da ido mai duba ƙafa kullum, da zuwa asibiti da wuri. Wannan aiki kuwa na iyali ne kafin ya zama na likita.

Wace jijiya ake nufi?

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa. Hanyar da jini yake bi jijiya ce, abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara shi ma jijiya ne, haka nan zaren da ke kai saƙo daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Saboda haka idan likita ya ce wa dattijo sukari ya taɓa masa jijiya, sau da yawa dattijon zai ɗauka ana nufin jijiya ta ɗaure ko ta harɗe, sai ya nufi wurin mai tausa ko mai ɗori. A nan, waɗanda muke magana a kansu su ne jijiyoyin saƙo, wato waɗanda suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka suka bazu ko'ina a jiki kamar wayoyin lantarki a cikin gida. Wasunsu ke kawo labarin zafi da sanyi da taɓi, wasu ke ba tsoka umarnin motsi, wasu kuma ke tafiyar da ayyukan da ba mu da iko a kansu, kamar bugun zuciya da narkar da abinci da fitar gumi.

Idan sukari ya yi yawa a jini shekara da shekaru, yana yin ɓarna ta fuska biyu. Yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar, sannan yana shiga cikin ita kanta jijiyar ya gurɓata aikinta. Jijiyar da ta fi tsawo ita ta fi saurin jigata, kuma babu wadda ta kai wadda ta taso daga ƙugu zuwa yatsun ƙafa tsawo, domin ta kai kusan mita ɗaya. Shi ya sa abin yakan fara daga yatsun ƙafafu biyu a tare, ya riƙa hawa sannu a hankali kamar ana sa safa, kuma idan ya kusa gwiwa sai a fara jin sa a yatsun hannu. Daɗewar ciwon, da hawan jini, da yawan kitse a jini, da ƙiba, da shan taba ko giya, duk suna ƙara wa abin sauri.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Wasu za su ce ƙafarsu na raɗaɗi kamar an zuba barkono, wasu kamar ana tsira musu allura, wasu kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata, wasu kuma su ji kamar lantarki ya fizge su. Yawanci abin ya fi tsanani da dare, har mayafi ma idan ya taɓa ƙafar sai ya zama azaba. Akwai kuma waɗanda ƙafar take sagewa, su ji kamar a kan auduga suke tafiya, ko silifas ya zame daga ƙafarsu ba su sani ba. Abin tsoron shi ne, kusan rabin masu wannan lalura ba sa jin komai da zai dame su. Mai raɗaɗi yana neman magani, shi kuwa wanda ƙafarsa ta yi shiru yana ganin lafiyarsa ƙalau, alhali shi ya fi kusa da haɗari.

Bayan ƙafa, ɓarnar tana iya shafar kayan ciki. Mutum zai riƙa jin jiri idan ya miƙe tsaye, ko ya ci loma kaɗan ya ji ya ƙoshi tare da tashin zuciya, ko gudawar dare ta riƙa musanya da taurin ciki, ko fitsari ya ƙi fita duka daga mafitsara. Raunin gaba ga maza yana daga cikin alamomin da suka fi yawa, amma kunya takan sa magidanci ya ɓoye wa likita ya tafi wurin masu tallar maganin ƙarfin maza a tasha. Wasu kuma sukan daina jin rawar jiki da gumin da ke gargaɗin cewa sukari ya yi ƙasa sosai, sai dai kawai a ga sun faɗi. Irin waɗannan lallai ne su tattauna da likita kafin su ɗauki azumi. Har ciwon zuciya ma yana iya afka wa mai sukari ba tare da zafin ƙirji ba.

Ya kamata kuma a sani cewa sagewar ƙafa tana da wasu dalilai, kamar ƙarancin bitamin B12, da shan giya, da kuturta, da wasu magungunan tarin fuka. Tantancewa aikin likita ne.

Daga ƙwarzane zuwa yanke ƙafa

Wani likita Bature mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a garin Vellore na ƙasar Indiya tun daga 1946, shi ya nuna wa duniya cewa yawancin dungulmin da ake gani a hannu da ƙafar kuturu rashin jin zafi ne ke jawo shi. Kuturu yana ƙonewa, yana yankewa, yana taka rauninsa, duk bai sani ba, har yatsun su ƙare. Da ya koma Amurka a 1966 sai ya ga labarin ƙafar mai sukari ma haka yake. Duk wanda ya san kuturta a ƙasar Hausa ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Jijiyar gumi ta mutu, sai fata ta bushe, kaushi da faso su samu wuri. Ƙananan tsokokin ƙafa sun yi rauni, sai yatsu su lanƙwashe, nauyin jiki ya taru a wuri guda har kanta ta fito, a ƙarƙashinta kuma nama ya riƙa murjewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar fata ta buɗe, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, ga sukari ya raunana garkuwar jiki, ga shi sau da yawa hanyoyin jinin ƙafar ma sun tsuke. Tun da babu zafi, mutum zai ci gaba da taka raunin yana zuwa kasuwa, har ya zama gyambo, ya ci ƙashi, yatsa ya yi baƙi ya ruɓe.

Abubuwan da ke buɗe ƙofar kuwa na yau da kullum ne. Akwai tsoho da ke miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta lokacin hunturu, da mai gasa ƙafa da ruwan zafi don ya kori abin da yake kira sanyi, da wanda salansar babur ta ƙona, da wanda mai yankan farce na bakin titi ya yanka, da mai kankare kanta da reza, da wanda sabon takalmin salla ya ci. Akwai alhazan da ke ƙonewa a tafin ƙafa saboda taka ƙasa mai zafi a Makka bayan takalmi ya ɓace. Likitoci a Afirka sun ma ba da rahoton masu sukari da ɓera ya ciza cikin barci ba su farka ba.

Wani bincike da aka gudanar a manyan asibitoci shida na Nijeriya tsakanin 2016 da 2017 ya bi diddigin mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na sukari. Kashi 35 cikin ɗari an yanke musu wani sashe na ƙafa, kashi 20 cikin ɗari kuma sun rasu. Yawancinsu sun iso asibiti ne bayan gyambon ya riga ya yi nisa. Abin takaici, mun san inda ake ɓata waɗannan makonni. Wani za a ce masa jifa ne ko ya taka sammu, wani a ce masa daji ne kuma daji ba ya son allura, sai a shiga shafe-shafe da tsaga da turare. Wani kuma tsoro ne ke hana shi, domin ya ji an ce duk wanda ya kai ƙafa asibiti sai an yanke. Wannan tsoro shi yake haifar da abin da ake tsoro: jinkiri ke sa a yanke, yankewar kuma ta ƙara tsorata na baya, su ma su yi jinkiri.

Yadda ake shawo kan lalurar

Gaskiya ɗaya da bai kamata a ɓoye ba ita ce, har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana dawo da jijiyar da ta riga ta mutu. Duk mai tallar da ya yi alkawarin haka aljihunka yake hari. Abin da ake iya yi shi ne hana ɓarnar faruwa, ko rage mata gudu, da sauƙaƙa raɗaɗi, da kare ƙafa.

Mataki na farko shi ne daidaita sukari. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya na ciwon, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1993, ya nuna cewa tsananta kula da sukari ya rage aukuwar lalacewar jijiyoyi da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Ga masu nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa a cikinmu, daidaita sukari kaɗai ba ya kai wannan amfani, dole a haɗa da kula da hawan jini da kitsen jini, da rage ƙiba, da barin taba. Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c wanda ke nuna matsakaicin sukarin mutum na wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga yawancin manya ana son ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Shan magani ko yin allurar insulin a kan ƙa'ida, da rage malmalar tuwo da shinkafa, da barin lemon kwalba da sukarin shayi da na koko, da ƙara wake da ganye, da tafiyar ƙafa ta kimanin minti 150 a mako cikin takalmi mai kyau, su ne ginshiƙin. Zogale abinci ne mai amfani, amma ba zai maye gurbin maganin asibiti ba. Wanda ya daɗe yana shan metfomin kuma yana da kyau a riƙa duba masa bitamin B12, domin maganin yakan rage shi. In ban da mai irin wannan ƙarancin, allurar bitamin da ake yawan yi a kemis ba ta gyara jijiya.

Mataki na biyu shi ne maganin raɗaɗi. Zafin jijiya daban yake da na rauni ko na gaɓɓai, shi ya sa farasitamol da dangin ibufurofen ba sa yi masa wani abin kirki, kuma yawan shan dangin ibufurofen yana iya lalata ƙodar da sukari ya riga ya raunana. Magungunan da likitoci suka fi bayarwa su ne amitiriftilin, da duloksetin, da firegabalin, da gabafentin. A 2022 wani bincike da Farfesa Solomon Tesfaye ya jagoranta daga birnin Sheffield na Ingila ya kwatanta amitiriftilin da duloksetin da firegabalin, ya gano cewa ƙarfinsu kusan ɗaya ne, kuma haɗa biyu yana taimakon wanda guda bai wadatar ba. Wannan albishir ne ga talaka, domin amitiriftilin ya fi sauran araha nesa ba kusa ba. Sai dai kowannensu yana da sharaɗi. Amitiriftilin yana busar da baki, yana sa barci, kuma ana taka-tsantsan da shi ga tsofaffi da masu ciwon zuciya. Firegabalin da gabafentin kuma ana rage yawansu ga mai ciwon ƙoda. Ana farawa da kaɗan ne a riƙa ƙarawa, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfani. Idan zafi ya ragu da rabi, mutum ya samu barci, to a wurin likitoci an ci nasara. Tiramadol da danginsa kuwa ba a son a dogara da su, kuma mun ga abin da suka yi wa matasanmu. Firegabalin ma akwai masu shan sa don maye, don haka kada a saya sai da takardar likita.

Mataki na uku, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne kula da ƙafa. Tun da jiki ya daina faɗa, dole ido ya karɓi aikin. Mai sukari ya duba ƙafafunsa kowace rana, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, da madubi ko da taimakon wani idan ganinsa ya yi rauni. Ga Musulmi, alwala ta riga ta ba da dama sau biyar a rana. Abin da ya rage shi ne a riƙa kallon ƙafar da ake wankewa, a kuma tsane tsakanin yatsu bayan an gama. A gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu. A shafa basilin ko man kaɗanya a dunduniya da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsu. Kada a yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida ne, kuma kafin a sa takalmi a zazzage shi a laluba cikinsa da hannu. A sayi takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, mai faɗin gaba, a sa shi da safa mai tsabta. A yanke farce a miƙe, kada a shiga lungu, kanta kuma a bar wa ma'aikacin lafiya. Mata su lura cewa lalle mai duhu yana iya ɓoye canjin launin fata. Duk rauni ko bororo ko kumburi ko ja ko wari da aka gani, komai ƙanƙantarsa, a kai asibiti a ranar ko washegari. Haka nan idan ƙafa ta kumbura ta yi ɗumi ba tare da rauni ba, domin wani lokaci ƙasusuwan ciki ne suke rugujewa. Idan kuma gyambo ya riga ya samu, wanki da magani ba za su isa ba sai an ɗauke masa nauyi, ko da ɗaurin filasta ko da takalmi na musamman ko da sandar dogarawa.

Kira

Ƙa'idar likitoci ita ce a gwada jijiyoyin ƙafar mai nau'i na biyu tun ranar da aka gano ciwon, mai nau'i na ɗaya kuma bayan shekara biyar, daga nan a maimaita kowace shekara. Kayan gwajin wani siririn zaren roba ne da ake dannawa a tafin ƙafa da nauyin giram 10, da wani ƙarfe mai baki biyu da ake kaɗawa a ɗora a kan babban yatsa. Aikin bai wuce 'yan mintoci ba. Saboda haka ina kira ga hukumomin lafiya da su wadata kowace ƙaramar cibiya da wannan zare, su horar da nas-nas da jami'an lafiya na karkara, kamar yadda aka yi a Tanzaniya da Indiya tun farkon shekarun 2000. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2022 za ta yi ma'ana ga mai sukari ne ranar da ta kai ga biya masa magani da gwaji a kai a kai. Shi kuma majinyaci, idan ya shiga wurin likita ya cire takalmi da safa tun kafin a tambaye shi.

Mu kuma ɗalibai, akwai abin da za mu iya yi da hannunmu idan mun je hutu. A asibitin garin Ipswich na Ingila an fito da wani gwaji a 2011 wanda ba ya buƙatar kayan aiki. Ka ce wa Baba ko Inna su rufe ido, sai ka taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙarami na kowace ƙafa da ɗan yatsanka, taɓi mai sauƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da dannawa ba, su kuma su ce "e" duk lokacin da suka ji. Idan aka samu yatsu biyu ko fiye daga cikin shidan da ba su ji ba, to ƙafar tana cikin haɗari, sai a raka su asibiti. Bugu da ƙari, mu da muke nazarin harshe mu ne ya fi dacewa mu tace kalmomin da za su raba jijiyar jini da jijiyar saƙo, mu rubuta wannan bayani cikin Hausa mai sauƙi da boko da ajami, mu kai shi rediyo da kasuwanni da zangonnin da 'yan'uwanmu suke zaune, inda sau da yawa likita da majinyaci ba sa jin harshen juna. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, kuma dama ce ta shirya irin wannan faɗakarwa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ciwon sukari yana lalata jijiyoyin saƙo sannu a hankali, yana farawa daga yatsun ƙafa, kuma wanda ba ya jin zafi ya fi mai jin zafi zama cikin haɗari. Mun ga cewa daidaita sukari da hawan jini yana rage ɓarnar, akwai magungunan raɗaɗi masu araha a hannun likita, sannan duba ƙafa kullum da gaggawar zuwa asibiti suna hana ƙaramin rauni zama sanadin yanke ƙafa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan lalura mai ɗakin bai sani ba, sai na kusa da shi sun duba masa. Don haka, ya kai mai karatu, idan akwai mai sukari a gidanku, tambayar "yaya jiki?" ba ta wadatar ba. Ka ce masa ya miƙo ƙafar ka gani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ƙara mana lafiya.